Numfashin da Baba Sulaimanu Ya Hana a Goge

Ranar Laraba, 11 ga Maris, 2015, daidai da 20 ga Jimada Ula, 1436, ina fitowa daga darasi bayan azahar Mahasin ta kira ni. Ko sallama ba ta iya ƙarasawa ba. Ta ce, "Yaya Ukasha, Baba ya tafi." Na tsaya nan bakin titi, masu ƙananan motocin haya suna ta kiran fasinja a kaina, ina maimaita istirja'i, har sai da wani mai sayar da lemo ya turo mini kujera. Mahaifinta, Baba Sulaimanu Illiyasu, mutumin Damagaram da ya yi shekara talatin da bakwai a birnin Alƙahira, ya amsa kiran Ubangijinsa yana da shekara sittin da biyu, bayan jinyar kwana tara ta ciwon zuciya. Mai shi ne ya karɓi abinsa, mu ma muna nan tafe. Kafin magariba muka yi masa sutura.

Baba, ka san ni ba gwanin rubutu ba ne, ɗalibin ƙira'a ne kawai. Na kuma san wasu cikin abokan karatuna za su taɓe baki idan suka ga ina yi wa mutum ta'aziyya ina ambaton kiɗan Turawa. Su yi haƙuri da ni. Ba zan iya ba da labarinka in cire fayafayanka ba, don kai ne ka koya mini cewa ba a cire wa mutum numfashinsa don a gyara shi.

A ƙarshen shekarar 2011 na zo garin nan neman digiri na biyu. Ban fi wata biyu ba mahaifina ya aiko daga Kano cewa yana son jin karatuna. Aka ce in je unguwar Faisal, akwai wani dattijo ɗan Nijar da ya yi shekara talatin yana aikin ɗaukar murya a wani ƙaramin situdiyo a Dokki, yanzu ya ajiye aiki amma yana da kayansa a gida. Hawa na biyar kake, ga lif ɗin gidan ya daɗe da mutuwa. Na iso ina haki. Ka tambaye ni daga ina, na ce Kano. Sai ka juya ka ce, "Mahasin, ɗora shayi, bawana ya iso." Daga ranar har ka bar duniya ban huta da wasan Damagarawa da Kanawa ba, kuma yau da za a ba ni zaɓi, da na so in sake ji ko sau ɗaya.

Na karanta maka shafi biyu. A tsakiya tari ya sarƙe ni, na tsaya na ja numfashi na ci gaba. Da muka saurara sai kunya ta kama ni, na roƙe ka ka yanke wurin. Ka ce ba za ka yanke ba. Na nace, ka ce, "Ya Shehi, mahaifinka yana da kasakasan manyan makaranta cike da gida. In karatu mara aibi yake nema ba zai nemi naka ba. Ɗansa yake so ya ji." Na fita raina a ɓace, ina cewa a zuci wannan tsoho akwai taurin kai. Bayan mako uku mahaifina ya kira. Bai ce komai a kan maddi ko gunna ba. Abin da ya fara cewa shi ne, "Na ji kana tari, ka nemi magani kuwa?" Washegari na sake hawa benen nan na je na ba ka haƙuri.

A ranar ce ka shigar da ni ɗakin ciki. Bango guda cike yake da fayafayai: manyan baƙaƙe na garmaho, da ƙananan sidi masu ƙyalli. Ka ba ni labarin wani malaminku Bafaranshe a makarantar sakandare ta Damagaram, wanda da zai koma ƙasarsu a 1972 ya bar maka garmaho da faifai bakwai na kiɗan rok, irin na samarin Ingila masu dogon gashi, jita da ganguna da ihu. Ɗaya daga cikinsu ka fi so, na wasu mutum huɗu, an buga shi a 1971, da hoton gada a bangonsa. Sunan ƙungiyar duk sanda na faɗa sai ka yi dariya har da riƙe ciki, don haka na daina faɗa, muka koma kiransa Mai Gada. Shi ka naɗo cikin zane ka taho da shi Masar a 1978.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, Mai Gada har guda huɗu gare ka. Na ce Baba, waƙoƙin ba iri ɗaya ba ne? Ka dube ni kamar na ce tuwon gero da na dawa duk tuwo ne. Ka bayyana mini cewa kamfanonin kan ɗauko tsohon ɗauka su sake wanke shi, su cire huci da ƙas-ƙas, su ƙara masa ƙarfi, su sake fitarwa. Shi ake kira rimasta. Kana da faifan asali na 1971, da sidi na 1987, da rimasta ta 1996, da wata ta 2010. Ka ce tunda ni mai koyon rarrabe harafi da harafi ne, bari ka ga ko kunnen Bakano yana da amfani. Ka juya mini kujera na fuskanci bango, ka riƙa sa mini waƙa ɗaya daga kowane faifai ba tare da na ga hannunka ba, ni kuma in faɗi wanne ne. Wannan shi ne gwajin bango, kuma mun yi sama da shekara biyu muna yin sa kusan kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Ba zan ce na zama mai son kiɗa ba. Ban zama ba, kuma ba ka taɓa matsa mini ba. Kana jin ladan ya ɗaga murya kake ɗaga allurar garmaho, ko da a tsakiyar wurin da ka fi so ne. Amma na koyi ji. Na gane cewa sidin 1987 siriri ne, kamar miyar da aka ƙara wa ruwa don baƙi sun yi yawa. Na gane cewa na 1996 an yi shi da tsoron Allah, kamar yadda kake faɗa: an rage ƙas-ƙas ɗin amma an bar gangar tana da ciki, kana jin faɗin ɗakin da suka yi ɗaukar. Na 2010 kuwa shi ne abokin gabarka. Ya fi kowanne ƙara, mai ji a mota ko a waya zai ce ya fi daɗi. Amma ka nuna mini cewa an danne wurare masu ƙarfi an ɗago masu sanyi har komai ya zama tsayi ɗaya. Ka ce, "Ka taɓa jin makarancin da ya fara da ƙaraji ya ƙare da ƙaraji? In ya zo ayar da ke buƙatar ɗaga murya, ina zai ɗaga ta zuwa?" Nan take na fahimta.

Hujjarka babba tana cikin waƙa ta uku. Akwai wurin da komai ke yin tsit kafin jita ta shigo. A faifan asali, idan ka kasa kunne, za ka ji mawaƙin ya ja numfashi, kujerar mai ganga kuma ta yi ɗan kuka. A na 1987 numfashin yana nan amma can nesa. A na 1996 yana nan sarai. A na 2010 babu shi, an share wurin tas. Ranar da ka fara sa mini shi ka buga tebur ka ce, "Sun kashe masa numfashi! Mutum ne ya tsaya a wurin nan, yana tsoron abin da zai biyo baya, su kuma sun ɗauka datti ne." Mahasin tana daga kicin ta ce, "Baba, bar mutane su ci abincinsu, numfashin Bature ne fa." Ka ce mata, "Ke ba ki sani ba." Ta ce, "To sanar da ni." Sai kawai ka canza faifai. A lokacin ni ma na ɗauka rigimar tsufa ce kawai.

Wannan kunnen naka ba kanka kaɗai ya amfana ba. Na sha tarar da matan unguwar Ard al-Liwa a falonka, Hausawan Sudan da 'yan Cadi da wasu da ko harshensu ba ka ji, kowacce da tsohon kaset ƙulle a gefen mayafi: muryar miji da ya rasu, ko ta uwa da aka baro a gida. Zare ya tsinke ko ya cukurkuɗe, ka zauna da ɗan almakashi da fensir kana lallaɓa shi awa biyu, ka juye musu a waya. Ba ka taɓa cewa ka gaji ba. Kuma duk wadda ta ce ka cire mata hayaniyar baya, kukan akuya ko sautin turmi, sai ka ce ta fara ji tukuna sau biyu. Yawancinsu a ji na biyu suke cewa a bar musu. Ɗalibai nawa ka ɗauki karatunsu suka aika gida, ban san adadinsu ba. Wanda ya zo da yunwa kuma ba ya sauka daga benen nan da ita.

A bazarar 2014, lokacin da ake ɗauke wuta sau uku sau huɗu a yini, wata Juma'a muna jiran a dawo da ita ka ce yau mu juya, kai za ka fuskanci bango ni in sa. Da wuta ta zo na sa maka na 2010. Waƙar ta kai wurin da ake yin tsit, ta wuce. Ka gyaɗa kai ka ce, "Wannan na 1996 ne. Ka ji yadda ya fito sarai?" Na ce bari in sake. Na sa maka na 1996 na gaskiya, ka ce, "Wannan ai na 87 ne, ya yi nisa." Baba, wallahi na so in yi maka ƙarya. Bakina har ya buɗe zai ce daidai ne. Amma sama da shekara biyu kana koya mini kada in ce na ji abin da ban ji ba. Na ce, "Baba, na farkon na 2010 ne." Ba ka juyo ba. Ka daɗe kana kallon bango, sannan ka yi gyaran murya sau biyu, irin wanda ka saba yi, ka ce, "To, to." Ka ce in kashe, a kawo shayi.

Likita ya tabbatar da abin da ka riga ka sani. Shekara talatin da lasifika a kunne sun ci rabonsu, siraran sautuka sun tafi, sauran ma suna bin su. Aka ba ka na'urar ƙara ji, ka sa ta kwana biyu ka cire, ka ce tana mayar da duniya duka rimasta ta 2010. Muka yi dariya, amma na lura ka daina taɓa Mai Gada.

Wata Juma'a cikin Janairun bana, Mahasin ta tafi wurin aikinta, ka buɗe akwatin ƙarfe ka ɗauko wani kaset da ban taɓa gani ba. A ranar ka gaya mini abin da ba ka taɓa gaya mini ba. Karatun shari'a aka turo ka yi a 1978. Bayan shekara biyu ya gagare ka, ka bari, ka shiga situdiyo da shara har ka zama mai riƙe da na'ura. Kunya ta hana ka faɗa a gida, ta kuma hana ka komawa. A 1984 mahaifiyarka, Inna Kulu, wadda ba ta rubutu, ta yi abin da iyayenmu ke yi a zamanin: ta zauna gaban rikoda ta yi maka magana, aka ba wani ɗan kasuwa ya kawo. Shekara ɗaya bayan nan ta rasu, ba ku sake ganawa ba. Ka ce kowace shekara kana jin kaset ɗin sau ɗaya, kai kaɗai. "Bara na sa, na ji tana magana amma ban gane me take cewa ba. Na sa na'urar likita, sai hucin ya taso ya rufe ta. Ya Shehi, ina da hannu ba ni da kunne. Kai kana da kunne. Zo mu yi mata abin da na yi shekaru ina zagin mutane a kansa."

Na sa lasifikar kunne, kai kana riƙe da maɓallai. Muryar tsohuwa ce mai taushi, can ƙarƙashin huci. Ta gaishe ka, ta lissafa masu gaishe ka gida gida, ta ba ka labarin damina da geron bana. Sannan ta ce, "Sule, in karatun ya yi maka nauyi ka dawo gida. Ba wanda zai yi maka dariya. Ni dai ganinka nake so." Daga nan sai ta yi shiru na kamar sakan goma sha biyu. Amma ba shiru ba ne. A ƙarƙashin hucin ana jin numfashinta yana karyewa, tana haɗiye kuka don kada ya shiga kaset. Sannan ta yi gyaran murya, ta sa maka albarka, aka kashe.

Na cire lasifikar na dube ka. Ka ce, "Ka ji ko? Ni shekara biyu ke nan rabona da jin wurin." Na ce Baba, idan muka cire hucin yadda za ka gane kalmomin, wannan wurin zai tafi tare da shi, don bai fi hucin ƙarfi ba. Ka ce ka sani. Ka ce, "Kukan na haddace shi. Maganar nake so in sake ji kafin in tafi." Muka yi wajen awa uku, ina cewa ƙara, rage, nan ta fara zama kamar ƙarfe, koma baya kaɗan. Da muka gama muka sa a babbar lasifika da ƙarfi, har maƙwabta ma na tabbata sun ji. Na ga leɓɓanka suna bin kalmominta ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo wurin shirun, babu komai a cikinsa, fayau. Bayan ta ƙare ka share fuska ka ce, "Ka san wani abu? Wataƙila mutanen 2010 ɗin nan ma wani tsoho ne ya roƙe su. Allah ya yafe mini rabin zagin." Na ce sauran rabin fa? Ka ce wannan sun ci shi.

Kafin in tafi ka danƙa mini kaset ɗin na asali da kwafinsa wanda ba a taɓa ba. Ka ce wankakken naka ne, na kurma. Wannan kuwa na Mahasin ne, amma kada in ba ta sai bayan ranka, don in ta ji za ta tambaye ka me ya hana ka komawa, kai kuma ba ka da amsar da za ka iya duban idonta ka faɗa. "Kada ka bari ta tsaya a kan wankakken. Ta ji kakarta da numfashinta." Na karɓa ina cewa Allah ya ja kwana. Ban san wata biyu ya rage ba.

Baba, na sauke amanarka. Kwana bakwai da rasuwarka, da hantsi, bayan masu gaisuwa sun ragu, na hau benen nan. Mahasin tana zaune da ƙanwar marigayiya mahaifiyarta, Anti Hanifa. Ta riga ta samu wankakken a cikin na'urarka, ta ce ta ji shi ya fi sau goma. Na ce akwai wani, kuma kai ka ce a ba ta. Na juya mata kujerarka ta fuskanci bango, don haka ka koya mini, ido yana hana kunne aiki. Na sa mata.

Da aka zo wurin, na ga bayanta ya sandare. Ta ce in mayar baya. Na mayar. Ta sake cewa in mayar. A karo na uku ta ɗaga hannu daidai inda Inna Kulu ta gama haɗiye kukanta, ta yi gyaran murya sau biyu, ta ce, "To, to," kafin ta sa albarka. Mahasin ta juyo ta ce, "Yaya Ukasha, wannan ai na Baba ne. Haka ya yi ranar da aka fita da gawar Mama. Haka ya yi ranar da na gama jami'a. Ni duk rayuwata na ɗauka Baba ba ya kuka."

Ni ma sai a lokacin na tuna ranar da ka kasa gane faifai, kana fuskantar bango. Ina tsaye a bayanka, da kunnen da kake yabo, na ji gyaran muryar nan sau biyu, na ɗauka shayi kake so. Ka gafarce ni, Baba.

Ya Allah, ga bawanka Sulaimanu ɗan Illiyasu ya zo gare Ka. Ka san shi fiye da yadda muka san shi. Ka gafarta masa abin da ya bayyana da abin da ya haɗiye. Ka dubi matan da ya mayar wa muryoyin mamatansu, da iyayen da ya jiyar da su 'ya'yansu daga nesa, Ka sanya su a mizaninsa. Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka tabbatar da harshensa wurin tambaya. Ka jiƙan Inna Kulu da matarsa da suka riga shi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mahasin, da Anti Hanifa, da danginsa na Damagaram waɗanda Mahasin ta ce in sha Allah bana za ta je ta gani da idonta, ta kai musu kaset ɗin yadda yake. Haka kuma ga 'yan Nijar da 'yan Nijeriya mazauna Faisal da Ard al-Liwa, da duk ɗalibin da ya taɓa hawa benen nan. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya kyautata namu ƙarshen.

Kai kuma Baba, ka koma gida yanzu, kuma ba wanda zai yi maka dariya. Allah ya mayar maka da jinka cikakke, ya haɗa ka da Inna Kulu a Aljanna, ka ji muryarta ba kaset a tsakaninku. Amin.

Bawanka na Kano,
Ukasha Lawal
Alƙahira, Maris 2015